"Ba Ya Cikin Jeri": Neman Suna a Fayilolin Makaranta da Umarnin grep

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman firamare na wannan reshe



Akwai wata magana mai kalma huɗu wadda da wuya a sami wanda bai taɓa furta ta ba a cikinmu: "Ba ya cikin jeri." Uba ya zo neman shaidar cewa ɗansa ya kammala aji shida a wurinmu, a duba a ce ba ya cikin jeri. Lokacin tura sunayen masu rubuta jarrabawar shiga sakandare ya yi, a duba sunan wata yarinya da ta yi shekara shida tana zuwa makaranta, a ce ba ta cikin jeri. A wurin mai faɗa, magana ce ta daƙiƙa ɗaya. A wurin wanda aka faɗa wa, tana iya zama asarar shekarar karatu.

A zangon karatun da ya gabata wata uwa ta zo makarantarmu tare da 'yarta, wadda ruwan sama ya lalata takardunta. Jerin sunayen ɗalibai na shekaru da dama yana cikin kwamfutar ofis, kowane aji da fayil ɗinsa, mutane daban-daban ne kuma suka buga su. Muka riƙa buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya muna neman sunan yarinyar yadda uwar ta rubuta mana shi a takarda, wato da hamza bayan harafin farko. Ba mu same shi ba. Ta tafi ta dawo, ta sake tafiya ta dawo, kowane zuwa da kuɗin mota. Ashe sunan yana nan, sai dai wanda ya buga shi bai sa hamza ba, ya kuma taƙaita sunan mahaifinta. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ranar da aka gano shi, layi ɗaya na umarni ne ya fito da shi, kafin uwar ta gama zama a kujera. Wannan layin muke so mu nuna muku yau.

Yawancinmu mun saba da kwamfuta ta hanyar linzami: a nuna hoto, a danna, taga ta buɗe. Akwai hanyar da ta girmi wannan, wato a rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi a cikin wata taga da babu komai a cikinta sai rubutu, a danna Enter, ta ba da amsa da rubutu. Ita ce ake kira layin umarni. A kwamfuta mai Linux ko Mac sunan tagar Terminal, a Windows kuma akwai Command Prompt da PowerShell. Baƙin allon yakan tsorata mai ganinsa karon farko, amma wanda ya iya rubuta wa ɗalibai umarni a allo ba tare da kuskuren harafi ba ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata.

Umarnin da ya shafe mu sunansa grep. Ken Thompson ne ya rubuta shi a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya kuma shiga tsarin Unix a 1973. A wancan lokacin akwai wata manhajar gyara rubutu mai suna ed, a cikinta kuma akan rubuta g/re/p: g na nufin a duba ko'ina cikin fayil, re na tsaye ne a madadin zubin rubutun da ake nema, p kuma na nufin a fito da layin da aka samu. Daga nan sunan ya samo asali. Brian Kernighan, wanda ya yi aiki tare da su, ya ba da labarin cewa wani abokin aikinsu, Lee McMahon, yana nazarin maƙaloli 85 da Alexander Hamilton da James Madison da John Jay suka wallafa a 1787 da 1788 ƙarƙashin sunan aro guda, don a amince da kundin tsarin mulkin Amurka. An daɗe ana saɓani kan wanda ya rubuta wasu daga ciki, shi kuma yana so ya bi diddigin kalmomin. Rubutun ya fi ƙarfin ed, sai Thompson ya cire sashen nema ya mai da shi umarni mai zaman kansa. Fiye da shekara hamsin ke nan, har yau ana amfani da shi kullum.

Aikinsa guda ne: ya karanta fayil layi bayan layi, ya fito da duk layin da ke ɗauke da abin da aka ce ya nemo. Ba ya gyara fayil, ba ya share komai, karantawa kawai yake yi. Ga siga mafi sauƙi:

grep "Aisha" aji6.csv

Kalmar farko ita ce umarnin, abin da ke cikin alamar zance shi ne abin nema, na ƙarshe kuma sunan fayil. Ana gyara halinsa da wasu haruffa da ake sa wa karan ɗori a gaba. Harafin i yana sa ya daina bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka AISHA da Aisha su zama ɗaya a wurinsa. Harafin n yana nuna lambar layin da aka samu. Harafin r kuwa shi ne wanda da mun san shi da uwar nan ba ta yi zirga-zirga ba: yana sa ya shiga jaka ya bi duk fayilolin da ke ciki, har da na ƙananan jakunkuna, ya faɗi sunan fayil ɗin da kowane layi ya fito. Ana iya haɗa su wuri ɗaya:

grep -rin "aisha" rajista

A nan rajista sunan jakar da muka tara fayilolin ne. Da wannan layin an bincike jerin shekara goma a lokaci guda. Harafin c yana ƙirga layukan da suka dace maimakon ya nuna su. Mu lura, layuka yake ƙirgawa, don haka idan sunan ya zo sau biyu a layi ɗaya, ɗaya zai lissafa. Harafin w yana sa ya tsaya a kan cikakkiyar kalma. Idan muka nemi "ali" da harafin i amma ba tare da w ba, zai kawo mana Aliyu da Halima da Salihu da Khalid, domin haruffan nan uku suna jere a cikin kowanne. Kwamfuta ba ta san suna ba, jerin haruffa kawai take gani.

Wannan batu na ƙarshe shi ne zuciyar jawabin. Muddin kwamfuta jerin haruffa take gani, to A'isha da Aisha da Ayisha mutum uku ne a wurinta. Haka Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mahamadu da Moh'd. Mu da muke kiran suna kowace safiya mun san duk ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne mu gaya wa kwamfuta abin da muka sani, wato mu ba ta zubin sunan maimakon siga ɗaya tak. Tushen wannan dabara aikin wani masanin lissafi ne ɗan Amurka, Stephen Kleene, a shekarun 1950, amma alamomin da muke bukata ba su kai yatsun hannu biyu ba.

Ɗigo yana tsayawa a madadin kowane harafi ko alama guda ɗaya. Alamar tambaya tana nufin abin da ya gabace ta yana iya zuwa, yana iya rashin zuwa. Baka biyu masu kusurwa suna nufin ɗaya daga cikin haruffan da ke ciki. Tsayayyen layi yana nufin "ko". Don waɗannan alamomi su yi aiki yadda muka faɗa, sai a ƙara babban harafin E. Mu duba:

grep -rinE "a.?isha" rajista

Ma'anarsa: a, sai wata alama guda wadda ta yiwu tana nan ta yiwu babu, sai isha. Wannan zai kama Aisha da A'isha da Ayisha, zai kuma kama Aishatu domin Aisha na cikinta. Yana maganin wata matsala da ido ba ya saurin gani: hamza iri biyu ce a kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya da ke kan madannai, akwai lanƙwasasshiya da Word kan sauya ta da ita shi da kansa. A takarda kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta alamomi biyu ne daban. Ɗigon ya ɗauke su duka.

Ga na sunan mahaifi:

grep -rinE "m[uoa]hamm?[ae]d|m[uo]h.?d" rajista

Kada tsawonsa ya ba mu tsoro, mu karanta shi yadda muke koya wa 'yan aji ɗaya haɗa baƙi da wasali. Harafin m, sai u ko o ko a, sai ham, sai wani m da zai iya zuwa ko ya ƙi, sai a ko e, sai d. Wannan ya ɗauki Muhammad, Mohammed, Mohamed, Muhammadu da Mahamadu. Bayan tsayayyen layin kuma an tanadi taƙaitattun sigogi, Mohd da Moh'd da Muh'd. Ba zai kama Mamman ba, sai mun ƙara shi da kanmu bayan wani tsayayyen layin, domin mu ne muka san Mamman Muhammadu ne.

Idan sakamakon ya yi yawa, ana iya miƙa shi ga wani grep ɗin ya sake tacewa. Wannan karon tsayayyen layin yana wajen alamar zance, aikinsa kuma shi ne ya zuba abin da umarnin farko ya fitar cikin na biyu:

grep -rinE "a.?isha" rajista | grep -iE "m[uoa]h"

Na farko ya tara masu sunan, na biyu ya bar waɗanda sunan mahaifinsu ya dace. Wannan shi ne layin da ya fito da yarinyar da muka ba ku labarinta.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna bukatar irin wannan kulawa. Wani ya buga Ɗanladi, wani ya buga Danladi saboda madannansa ba su da Ɗ. Sai mu rubuta [DƊ]anladi, mu yi haka da [kƙ] da [bɓ]. Idan ɗalibi ya zo da takarda daga Jamhuriyar Nijar, mu tuna can ana rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y.

Za ku ga cewa zubi mai faɗi yakan kwaso abin da ba a nema ba. Zubin "a.?isha" zai kawo Bala Ishaku, domin akwai a a ƙarshen Bala, sai tazara, sai Isha. Wannan ba abin damuwa ba ne. Layin da ya shigo bisa kuskure ido zai gan shi ya ture shi. Layin da zubi ya yi wa ƙunci ya bari a baya, babu mai ganinsa, kuma shi ne ke jawo a ce wa mutum ba ya cikin jeri. A neman sunan mutum, gara koma ta kamo fiye da kima.

Umarnin yana kuma nemo abin da babu. A fayil na CSV waƙafi ne ke raba gurbi da gurbi, don haka waƙafi biyu a jere alama ce ta gurbin da aka bari babu komai:

grep -n ",," aji6.csv

Kafin a tura jeri, wannan zai nuna yaran da ba a cike musu ranar haihuwa ko wani bayani a tsakiyar layi ba. Harafin v kuma yana juya aikin, ya fito da layukan da ba su dace ba. Da shi ake gwama jeri biyu. A ce mun zuba lambobin shiga makaranta na yaran da aka tura sunayensu a fayil mai suna aika.txt, kowace lamba a layinta, muna so mu san wa aka tsallake a ajin:

grep -vwFf aika.txt aji6.csv

Ƙaramin f yana cewa a ɗauko abubuwan nema daga fayil, babban F yana cewa a ɗauke su yadda suke ba tare da fassara alamomi ba, w yana hana lamba 12 ta dace da 123, v kuma ya fito da waɗanda lambarsu ba ta cikin na turawa. Aikin da malamai biyu kan yi da biro, ɗaya na karantawa ɗaya na duba, ya zama na ƙiftawar ido. A tabbata dai babu layin da aka bari fanko a cikin aika.txt, domin yana iya sa umarnin ya yi shiru, mu zaci ba a tsallake kowa ba.

Yanzu ga iyakokinsa, kuma sanin su ya kai sanin umarnin muhimmanci. Na farko, grep tsurar rubutu yake karantawa. Fayilolin Excel da Word na zamani, masu ƙarewa da xlsx da docx, a dunƙule suke, ba zai ga sunayen da ke ciki ba. Sai an buɗe fayil ɗin an adana kwafinsa a matsayin CSV ko txt. A Excel a zaɓi CSV UTF-8, domin CSV na gama-gari yakan mai da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya. A lura kuma shafi ɗaya kawai yake adanawa a kowane karo, don haka fayil mai shafuka da yawa sai an bi su ɗaya-ɗaya. Hoton rajista da aka ɗauka da waya kuwa hoto ne, babu harafi ko ɗaya a cikinsa da grep zai karanta.

Na biyu, yawancin kwamfutocin ofisoshinmu Windows ne, shi kuma bai zo da grep ba. Yana da ɗan uwansa mai suna findstr:

findstr /s /i /n "aisha" *.csv

A nan /s ne ke shiga ƙananan jakunkuna. Yana biyan bukatar nema mai sauƙi, amma bai san alamar tambaya da tsayayyen layi a cikin zubi ba, yana ɗaukar tazara tsakanin kalmomi biyu a matsayin "ko", kuma ba a dogara da shi a kan haruffa masu lanƙwasa. Wanda ke son grep na ainihi a Windows zai same shi cikin manhajar Git for Windows, wadda kyauta ce. A wayar Android kuma akwai manhajar Termux. Da zarar an girka, nema ba ya bukatar intanet.

Na uku, mun ce grep ba ya ɓata fayil, kuma gaskiya ne. Amma akwai alamar > da ake sa wa a ƙarshen umarni don a adana sakamako a sabon fayil. Idan aka kuskure aka rubuta sunan fayil ɗin da ke akwai bayan wannan alama, za a shafe abin da ke cikinsa ba tare da tambaya ba. Saboda haka a riƙa yin aiki a kan kwafi, a bar asalin a wurinsa.

Na huɗu, shi ne mafi girma: idan grep bai sami komai ba, shiru yake yi. Wannan shirun ba hujja ba ne cewa mutum ba ya nan. Ta yiwu muna cikin jakar da ba ita ba, ta yiwu fayil ɗin bai zama tsurar rubutu ba, ta yiwu zubinmu ya yi ƙunci. Kafin mu yarda da shirunsa, mu nemi sunan wani yaro da muka tabbata yana cikin jerin. Idan shi ma bai fito ba, laifin na nemanmu ne. Haka kuma idan suna ya fito, ba shi ke nuna ita ce yarinyar ba, domin a aji ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya. Sai an duba lambar shiga da shekara, an kuma koma ga rajistar takarda. Kwamfuta tana kai mu shafin ne, hukunci yana hannun malami.

Na biyar, abin da ya sauƙaƙa mana nema ya sauƙaƙa wa wanda ba mu so ya nema. Jaka ɗaya mai ɗauke da sunayen yara da ranakun haihuwarsu da unguwanninsu amana ce. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma bayanan yara na cikin abin da ta shafa. Kada a jefa irin wannan fayil a zauren WhatsApp, kada a bar shi a kwamfutar shagon buga takardu, a kuma sa wa kwamfutar ofis kalmar sirri.

Muna roƙon kowace makaranta da ke wannan reshe ta ɗauki matakai uku, waɗanda babu mai cin kuɗi a cikinsu. A ƙarshen kowane zango a adana kwafin jerin kowane aji a matsayin CSV UTF-8, a jaka ɗaya, kowace shekara da ƙaramar jakarta, a kuma ajiye wani kwafin a wani wuri daban. A rubuta sunan kowane yaro yadda yake a takardar haihuwarsa tun ranar da aka ɗauke shi, a riƙe wannan sigar har ya fita, lambar shigarsa kuma ta bi shi a kowane jeri. Sa'annan kada wani daga cikinmu ya ce wa uba ko uwa "ba ya cikin jeri" sai ya nemi sunan da zubi mai faɗi, ya nemi sunan mahaifi, ya nemi lamba, ya kuma gwada neman da sunan da ya san yana nan.

Bayan an tashi daga wannan zama za mu ajiye kwamfuta a teburin da ke bayan zauren, da jeri na gwaji wanda sunayen cikinsa duk ƙirƙira ne. Duk mai so ya zo ya rubuta zubin sunansa da hannunsa, ya ga sigogi nawa zai kamo. Gani ya kori ji.